Matattun Ƙudan Zuma a Shingen Dogo

Tun rasuwar mijinta, Mai Zuma ce ke kula da amya shida da ya bari a bayan gida. Shinge kawai ya raba su da lambun tumatir na Dogo, ƙanin marigayin. Wata irin ciyawa mai farar fure ta bi shingen ta lulluɓe shi.

A jikin furannin nan ta fara tsintar ƙudan zumarta a mace. Ranar farko biyu, kashegari uku, kowanne ya ƙafe kamar an tsotse shi. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne wasu baƙaƙen ƙudaje, ba su kai kan ashana ba, da ke dafifi a kan gawar. Shekararta ashirin a bakin amya, ba ta taɓa lura da irinsu ba.

Nan take zuciyarta ta tafi kan Dogo. Ba shi ne ya yi ta mitar ƙudan zumarta sun harbi masu tsinkar masa tumatir ba? Ba shi ne ya sayo sabuwar tankar feshi ba? Ruwa ai ba ya tsami banza. Ta ɗauki gawa ɗaya ta shinshina, ba ta ji warin magani ba, sai ta ce a ranta to mai tsada ya sayo ke nan.

Da rana ya leƙo ta saman shinge yana washe baki. "Matar Yaya, ya ƙoƙari? Ya mutanen naki?"

"Suna nan," ta ce a daƙile. Yaushe Dogo ya fara tambayar lafiyar ƙudan zuma?

Washegari da hantsi ta tsuguna bayan durom ɗin ruwa, inda take hango shingen. Gwiwoyinta har sun fara ciwo sai ga shi da tanka a baya. Ya tsaya daidai furannin, ya waiga hagu ya waiga dama, ya zaro kwalba daga aljihu.

"Na kama ka!" Ta miƙe da ƙyar. "Me kake zuba musu?"

Dogo ya zabura har tankar ta kusa kayar da shi. "Zubawa? Ɗiba nake yi!" Ya ɗaga kwalbar. Ƙananan ƙudajen ne a ciki, suna bin gilashi. "Zan kai wa mai maganin gona ya duba. Na ɗauka zumarki ce ke jawo su, kada su lalata min tumatir. Kwana uku ina jin nauyin yi miki magana."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya, dubi nan."

Wani ƙudan zuma ya sauka a fure. Abin da ta ɗauka ɓangaren furen ne ya motsa: gizo-gizo ne fari fat, ya cafke shi a wuya. Ƙudan ya yi ta mutsu-mutsu, sannan ya saki jiki. Kafin su ƙifta ido baƙaƙen ƙudajen sun iso, sun sauka dab da bakin gizon suna lasar abin da ke tsatsowa. Gizon ya kaɗa ƙafa ya kore su, suka tashi suka dawo.

"Ka ga 'yan cin banza," in ji Dogo. "Wani ya yi farauta, su ko gaisuwa babu."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. "To tankar fa? Me ke ciki?"

Ya kwance murfin, ya kamfaci ruwan ya wanke fuska. "Ruwa ne zalla. Sai na sha za ki yarda?"

"Sha."

Ya kurɓa, ya ce gobe zai zo da adda ya sare ciyawar. Ta ƙi: furen nan abincin ƙudanta ne, abin da gizo ke ɗauka bai taka kara ya karya ba. Ta shiga gida ta ɗebo masa saƙar zuma a kwano, ta miƙa ta saman shingen, ta ce kwanon dai ya dawo.