Ƙanin Mai Ganin Ruwa

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, a wani ƙauye gabas da Tsanyawa, an yi wasu 'yan'uwa biyu masu ginin rijiya, Kashim da ƙaninsa Madu. Kakansu ne ya zo daga Barno ya sami fili ya zauna. Su kuwa ko Barbarci ba sa ji, sai ɗan abin gaisuwa.

Kashim ne mai suna. In aka kira su wani gari, sai ya tuɓe takalmi ya yi ta yawo cikin gonaki, hannu a baya, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Can sai ya tsaya ya caka sanda ya ce, "Nan." Aikinsa ya ƙare ke nan. Ya koma gindin tsamiya a kawo masa fura, Madu ya ɗauki dagi ya shiga ƙasa. Sai ya yi wata guda yana haƙa, mutanen gari na jan kwandon ƙasa da igiya, har sama ta koma masa kamar faifai. Ranar da ruwa ya ɓullo, Kashim mata ke yi wa guɗa.

Abin bai taɓa damun Madu ba. Sau ɗaya dai ya tambaya, suna hanyar komawa gida.

"Yaya, wai me kake gani ne?"

Kashim ya yi dariya. "Wallahi ban sani ba. Tafin ƙafata ne ke yin sanyi, sai in tsaya."

Wata kaka, bayan an kai gero rumbu, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suka sauka a kasuwa. Kashim ya ce ya gaji da kallon gonaki iri ɗaya, zai bi su, shekara guda ya dawo. Ya bar wa Madu sandarsa da tsohuwarsu, Inna Falta.

Da rani ya yi, wani ƙauye suka aiko. Madu ya je, ya tuɓe takalmi, ya yi yawo har azahar. Ƙafarsa ba ta ji komai ba sai zafin ƙasa da ƙarangiya. Mutane na biye da shi suna jira, kunya ta sa ya caka sandar inda ya ga dama. Gaba goma sha biyu ya haƙa, ko danshi babu. Rijiya ta biyu ma, a wani garin, haka ta kasance. A ta uku, masu jan igiya suka watse tun kafin ya haƙura, sai ya ji shiru a sama. Ya yi kira har muryarsa ta dishe, sannan ya hau da ƙafa, yana taka ramukan da ya sassare a jikin bango.

Daga nan ba wanda ya sake aikowa. A kasuwa in ya wuce sai a rage murya. Gidan da aka fara masa maganar aure suka yi shiru. Shekara ta zagayo, Kashim bai dawo ba, ba kuma saƙo. A damina ta uku Inna Falta ta rasu, gidan ya rage daga shi sai jaki.

Da damina yana noma kamar kowa. Da rani kuwa sai ya ɗaura wa jaki igiya da goran ruwa ya bi rijiyoyin da yayansa ya nuna, ɗaya bayan ɗaya, su talatin da huɗu. Ya roƙi izini ya shiga, ya shafa bango, ya ga inda jar ƙasa ta ƙare marmara ta fara, da inda farin yashi ke kwance kan laka. In ya fito ya zauna ya dubi wurin: wane itace ne kusa, ina ruwan sama ke gangarawa, ina suri, ina ɓaure yake riƙe ganye har bazara. Ya koma busassun nasa guda uku ya dube su haka. Sannan ya riƙa haƙa ƙananan ramuka a gefen gonarsa, ya faɗi abin da zai tarar kafin ya kai, ya ga ko ya yi daidai. Sau da yawa bai yi ba. Babu wanda zai gaya wa, sai ya mayar da ƙasa ya rufe.

Shekara tara da tafiyar Kashim aka yi ƙarancin ruwa. Rijiyoyin wani gari mai suna Unguwar Basiru suka ƙafe, mata na tafiyar rabin yini da tulu. Ba a kira Madu ba, shi ya kai kansa. Kwana ashirin yana zagaya gonakinsu kafin ya sami dagacin ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasan gawon can, bayan gonar rogo. Gaba tara."

Dagacin ya dube shi ya ce, "Ba ni da mutanen da zan ba ka. In ka ga za ka iya, ga fili nan."

Shi kaɗai ya fara, yana cika kwando ya hau da shi a ka. Sai da ƙasar da yake zubarwa ta fara yin duhu sannan aka sami masu kama igiya. A gaba tara da rabi ruwa ya taso masa har gwiwa.

Da ya fito, dagacin ya dafa shi ya ce wa jama'a, "Ashe abin a jininsu yake! Baiwa ce, ta makara ne kawai."

Madu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Akwai wani farin yashi da…" Guɗa ta rufe maganar. Bai ƙarasa ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Bayan shekara biyu Kashim ya dawo, a rame, yana jan ƙafa ɗaya, ba goro ba jaki. Lokacin Madu ya gama zaɓen wuri a wani ƙauye, aikin sati uku, amma bai sa alama ba. Ya ɗora yayansa a jaki ya kai shi, bai gaya masa komai ba. Kashim ya sauka ya ɗingisa tsakanin kunyoyi, ko rabin sa'a bai yi ba ya tsaya. Tsakaninsa da wurin Madu bai fi taku uku ba.

Madu ya auna tazarar da ido. Ya rasa murna zai yi ko kuka.

"Na yi daidai?" in ji Kashim.

"Ka yi daidai, Yaya."

Kashim ya zauna a kan kunya yana murza gwiwa. "Ka san ban taɓa shiga rijiya ba? Ko sau ɗaya. Me ke can ƙasan wurin nan?"

Madu ya zauna kusa da shi ya fara faɗa, gaba bayan gaba, tun daga jar ƙasa. Har la'asar yana magana. Rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun Inna Falta na da rai. Kashim bai gane rabi ba, amma bai katse shi ba.

Kashim bai kai damina ba. Madu ya rayu shekara goma sha bakwai bayansa, ya gina rijiyoyi da yawa a ƙasar, biyu kawai suka ƙi. Mutum uku suka zo a lokuta daban-daban su koya. Kowannensu, da ya ji cewa dole ya fara da shiga tsofaffin rijiyoyi rani bayan rani, yakan yi sallama cikin ladabi ya tafi, yana ganin tsohon yana ɓoye asirin ne kawai.