Kwalbar da Badamasi Bai Kawo Ba

Mujahida tana tsaye a bakin gado da waya a hannu, tana karanta takardar da Badamasi ya turo daga Amurka. Khala Ɗaso ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, tana jiran murɗawar ciwon ta wuce. An idar da Azahar, ƙasa a lungun Misfala ana jin takun masu dawowa daga Harami.

Khala Ɗaso maƙwabciyarsu ce, ƙofa da ƙofa a hawa na uku. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce ta zo aikin Hajji daga Damagaram, ta bar ɗanta Badamasi wurin kakarsa yana ɗan shekara shida, ba ta koma ba. Ta yi wankau, ta yi dakon jakunkunan alhazai a Mina, daga baya ta zauna tana dama fura tana sayarwa. Ba ta taɓa mallakar iƙama ba, takardar izinin zama a ƙasar. Yanzu ciwon daji ya ci ƙugunta, ya hau baya.

Ita Mujahida a Makka aka haife ta. Ta karanci haɗa magunguna, tana aiki a ɗakin baya na wani kantin magani a Aziziyya, tana jera kwalaye. Ta san sunan allurar da za ta kwantar da wannan ciwo. Ta kuma san sai da takardar likita, takardar likita sai da fayil a asibiti. Khala Ɗaso ta rantse ba za ta taka asibiti a tambaye ta iƙama a sa ta jirgi ba, a Makka za ta mutu. Don haka abin da Mujahida take iya kawowa ƙwayar ciwon kai ce, ta narkar a cokali.

Badamasi direba ne a wani kamfani mai lasisi. A jihar da yake zaune gwamnati ta halatta tabar wiwi ga marasa lafiya, shi kuma yana kai musu man tabar gida-gida a 'yan kwalabe, da katin aiki rataye a wuya. Ya ce da idonsa ya ga wani tsoho mai irin ciwon nan an ɗiga masa a ƙarƙashin harshe, ya tashi ya nemi abinci. A lissafinsa, in aka cike takardar nan uwarsa za ta sami kati, shi a rubuta shi mai jinyarta, ya ɗauko kwalbar ya taho da ita Umra.

Mujahida ta bi layukan da yatsa. Sunan mara lafiya. Sa hannun likita mai rajista a jihar. Lambar katin shaida. Adireshin zama a cikin jihar, da hujjarsa. Can ƙasa an rubuta cewa katin ba ya aiki da zarar an ƙetare iyakar jihar.

"Me suka ce, Daktora?" in ji Khala Ɗaso, da ta sami numfashi.

"Sun ce sai kina zaune a can, Khala."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta dafe ciki. "Nan an ce ba na zaune, can ma ba na zaune. To ni a ina nake duk shekarun nan?"

Mujahida ta kira Badamasi. A can asuba ce, yana cikin mota. Ta karanta masa layukan ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba hawa ba sauka. Ya ce to shi ke nan, a bar takarda. Zai juye man a kwalbar habbatus-sauda, wa zai tsaya binciken mutum da harami a jikinsa? Ta ce masa karnukan filin jirgin Jidda ba su san harami ba. Ta ce katin wuyansa a nan bai fi murfin kwali ba, kuma abin da yake kira magani, a nan sunansa safarar ƙwaya, hukuncinta ba na wasa ba ne.

"Ke 'yar boko, doka ta fi miki uwata?"

"Yaya Badamasi, wata huɗu ni nake juya ta, ni nake wanke ta. Kai a waya kake jin kukanta, ni ta bango nake ji. Kada ka ƙara tambayata wannan."

Khala Ɗaso ta miƙo hannu. Mujahida ta kara mata wayar a kunne, don yatsunta ba sa iya riƙewa.

"Badamasi. Shekara ashirin da bakwai fuskarka nake jira, ba kwalba ba. In ka saka abin nan a jakarka ban yafe ba. Khalas, magana ta ƙare."

Ranar Talata ya iso, bayan La'asar, da harami da ƙaramar jaka. Mujahida ta tare shi a matakala, ta ce ya buɗe. Ya dube ta, ya buɗe. Jallabiya biyu, buroshi, fasfo, da zanen atamfa da ya saya wa uwarsa. Ta matsa ta ba shi hanya.

Uwar ba ta yi kuka ba. Ta shafa gemunsa, ta laluba bayan kunnensa ta sami tabon da ya ji yana yaro. Ta ce ya yi ƙiba kamar ubansa, ta tambaya ko ya ci abinci, ta sa Mujahida ta dama masa fura.

Kwana uku ya yi tare da ita. Ciwon bai saurara don ya zo ba. In ya taso, takan cusa bakin mayafi a baki don kada ya ji, shi kuma yana ji. A rana ta biyu ya fito ya zauna a matakala, Mujahida ta dawo daga aiki ta same shi a nan, kansa a tsakanin gwiwoyi.

"Da na kawo," ya ce.

"Da yanzu ba a nan kake ba."

Ya mayar da kansa tsakanin gwiwoyi. Ita ma ba ta ji wata nasara ba. Ta wuce shi ta shiga, ta narkar da ƙwaya biyu a cokali.

Ranar Juma'a da hantsi Khala Ɗaso ta cika, kanta a kan cinyar ɗanta. Mujahida ce ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta kashe fanka. Ta jira hawaye, ba su zo ba, sai ta shiga kiran mata.

Binnewa ma sai da takarda. Kwana biyu suna hawa da sauka a ofisoshi, ita tana gaba da Larabcinta, shi yana baya da fasfonsa da tsohon fasfon uwar, wanda ya mutu tun Mujahida ba ta zo duniya ba. Aka yi tambayoyi, ta amsa duka, ba ta sunkuyar da kai ga kowa ba. A ƙarshe wani ma'aikaci ya buga hatimi ya miƙo. An rubuta sunan Ɗaso daidai, da sunan mahaifinta. A layin wuri an rubuta Makka, Misfala.

Aka sallace ta a Harami bayan Azahar.

Da yamma Mujahida ta shiga ɗakin ta kwashe kaya. Badamasi yana zaune a ƙasa, ya jingina da gadon, takardar binnewar a kan gwiwarsa. Zanen atamfar yana kan matashi, ko ninkinsa ba a warware ba. Ta ɗauki cokalin daga bakin taga, farin garin ƙwaya ya bushe a cikinsa. Ta kai shi famfo, ta buɗe ruwa, ta tsaya tana kallo.