Kunamar Hagu

Ran wata Talata ce, tun safe ake yayyafi, na ɗauko kwamfutata da hannun gem guda biyu, irin na buga wasan kwamfuta, daga shagon da nake gyaran waya, na nufi ɗakin Kawu.

Kawu tsohon matuƙin ƙananan jirage ne. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye ya ƙi zuwa gashin ƙashi a asibiti, ya ce ƙafar ta mutu, a bar shi. Likita kuwa ya gaya wa Inna, matarsa, in bai motsa ta bana ba, shi ke nan.

Na buɗe masa gem ɗin tuƙin jirgi. Ya leƙa allon, ya ce, "Kai da ka kasa zaman aji, kai za ka koya mini tashi?"

Na ce ni nawa saiti ne. Na ɗora sitiyari a kan sandar babban yatsa, wutsiyar jirgi kuma a kan maɓallan baya biyu da muke kira kunama: ta dama ta karkata dama, ta hagu hagu. Ya tashi lafiya, amma da ya zo sauka iska ta kwashe shi ya faɗa ciyawa. Aka sake, haka. Inna ce ta lura daga bakin ƙofa. Ta ce in dubi ƙasa. Yatsunsa ba sa taɓa kunama ko kaɗan, ƙafarsa ta dama ce ke ta danna tabarma. A jirgin gaske, ashe, da ƙafa ake juya wutsiya.

Na samo katako, na ɗaure hannun gem na biyu a kai da roba, kunamun na kallon sama, na tura ƙarƙashin ƙafafunsa. Ƙafar hagun na ɗaga ta da hannuna na ɗora, sanyi ƙalau. Sai na shiga saiti na ƙara wa kunamar hagu ji, yadda ko nauyin yatsa ya isa.

Ya sauka sumul a tsakiyar titin jirgi. Inna ta fara hamdala. Kawu kuwa ƙafar yake kallo.

"Me ka yi wa ta hagu?"

Na gaya masa.

"Mayar da ita daidai da 'yar'uwarta. Jirgi ba ya tausayin kowa."

Na mayar. Jirgin ya faɗi. Ya sake faɗuwa. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa, Inna ta ce ya isa haka, ya yi kamar bai ji ba. Maigidana na shago ya yi ta kira, na kife wayar. Can bayan la'asar iska ta sake tura jirgin dama, Kawu ya cije leɓe, na ga diddigensa na hagu ya ɗaga daga tabarma. Wani abu ya yi ƙas. Jirgin ya wulwula hagu ya daki shinge.

 Kawu ya ce Inna ta nemo masa takalminsa na hagu, gobe da gashi.

Abin da aka rasa ranar: jirage goma sha ɗaya, kunamar hagu ta hannun gem ɗin shago, da aikina.