'Yan Dubiyar Zubaidatu

Ranar Talata aka sallamo Zubaidatu daga asibiti a Kano, kwana huɗu bayan an yi mata aikin rage tumbi saboda ƙiba. Daga ranar ta fara mutuwa, a ɗakinta na Gwarzo, cikin gata.

Likita ya yi wa mijinta, Malam Mudassir, bayani: mai jiki irin nata, huhu kan lafe bayan aiki. Kada ta kwanta rigingine. Ta zauna, ta taka, ta yi tari ko da zafi. Ya ba su wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, ta riƙa zuƙar iska har su tashi, sau goma kowace awa. Malam, da ya shekara talatin yana koyar da kimiyya, ya haddace takardar bayanin da likitan ya ba su tun a mota.

Sai 'yan dubiya suka sauka. Yayarta, Hajiya Marka, ta zo daga Kabo da mata cike da mota, ta tare a ɗakin.

"Wa ya zaunar da ita kamar mai jiran mota? Kwanta, 'yar nan. Ku rufe taga, kada iska ta shiga ɗinki."

Aka rufe. Aka sa turaren wuta don kada baƙi su ji warin magani. Zubaidatu ta lalubo robar.

Marka ta ce, "Haba Zubai, da girmanki? An yanka ki, an sallame ki da abin wasan yara. Ajiye, ga surukanki nan."

Ta tura ta ƙarƙashin matashi.

Malam yana zaure, ana "ya mai jiki" yana "da sauƙi", don namiji ba ya kutsawa cikin mata. Sau biyu ya zo bakin labule ya yi gyaran murya. Marka ta ce, "Malam, ba guduwa za mu yi da ita ba." Ɗaki ya kwashe da dariya, ya koma tabarmarsa. Mutum mai ladabi.

Rana ta shida da dawowarta gida zazzaɓi ya rufe ta. Ta takwas aka mai da ita Kano tana haki. Ba ta kwana biyu ba.

Matan nan dai su suka dawo zaman makoki, suna cewa kwana ya ƙare, ita ma me ya kai ta yanka. Malam ya amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, har da godiyar ɗawainiya. Ya raina su duka, amma bai kai yadda ya raina mutumin da ya san komai ba, wanda ya tsaya bayan labule ya kasa cewa: Hajiya, ku fita, ku bar matata ta yi numfashi.