Wayar Kiɗa ta Tío Fulgencio

Wayar ta iso garinmu Tamboril a watan Yuli na shekarar 2008, a cikin akwatin maƙwabciyarmu Doña Casilda da ta dawo daga Bronx, can ƙasar waje, an naɗe kwalinta da tawul. Yudelka ce ta aiko wa mahaifinta, kawuna Fulgencio. Shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a can, kuma duk ranar da take son jin muryarsa sai ta kira wayar shagona, ni kuma in bar masu sayen shinkafa a tsaye in tsallaka titi in kirawo shi. Ta gaji da haka, ni ma na gaji.

A kan kantata aka buɗe kwalin, gaban 'yan domino. Baƙa ce mai sheƙi, siririya kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Babu lamba ko ɗaya a fuskarta, sai wani ƙaton maɓalli ruwan lemo a tsakiya, shi ne na kunna kiɗa. Lambobin kira suna ɓoye a ƙasa, sai ka tura fuskar sama da babban yatsa sannan su bayyana, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba.

Tío Fulgencio ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Basilia, wannan ta kira ce ko ta rawa?"

Na karanta masa takardar da Yudelka ta haɗo da ita: "Papi, na san kiɗa ne rayuwarka. Na zuba maka waƙa ɗari uku. Zan riƙa kiranka kowace Lahadi."

Shekara arba'in kawuna ya yi yana kartar gwira, gwangwanin ƙarfen nan mai ƙaiƙayi da ke riƙe wa kiɗan merenge ƙafa, har yatsunsa suka yi kauri kamar rogo. In ya nufi danna biyar, sai huɗu da takwas su biyo ta. Wannan bai dame shi ba, domin ba shi da wanda zai kira. Lahadin farko ce ta kawo rigima. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro ta cikin ƙasaita, ya danna abin da duk mai hankali zai danna, wato maɓallin da ya fi girma. Kiran ya yanke, merenge ya ɓarke. Sau huɗu Yudelka ta kira, sau huɗu ya amsa mata da kiɗan da ba ta ji ba.

Sai ga wayar shagona tana ringi, Yudelka ce.

"Prima, 'yar'uwata, ki faɗa mini gaskiya, Papi fushi yake da ni?"

"Wane fushi? Ga shi can a ƙofar gida yana rawa."

Na nuna masa ɗan koren maɓallin amsa kira da ke maƙale a gefe, ya ce ya gane. Lahadin da ta biyo baya ya sake danna ruwan lemon. Haka tsallaka titina ya ƙaru, domin yanzu bayan kiran nasa har da darasi.

Akwai wani abin burgewa da littafin wayar ya cika baki a kai: in waƙa ta ishe ka, girgiza wayar kawai za ka yi ta tsallaka zuwa ta gaba. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan ba su taɓa ganin hannun kawuna ba. Tun da ya haura saba'in hannunsa na dama ke rawa, ko kofi sai an zuba masa rabin kofi. Da ya riƙe wayar, mawaƙi zai buɗe baki ke nan sai a kore shi, wani ya shigo, shi ma a kore shi. Wata guda cur bai ji waƙa ɗaya ta kai ƙarshe ba. Ya gwada ajiye ta a kan tebur, ashe lasifikar a bayanta take, sautin ya toshe kamar an rufe wa mawaƙin baki da matashi. Ya kifa ta, tebur ya danne maɓallin ruwan lemo, kiɗan ya tsaya. Ya koma kan iyafis, sai ya tarar raminsa ɗaya da na caja. Mu kuwa a lokacin wuta awa huɗu ko biyar take yi mana a rana, saboda haka sai ya zaɓa: ko wayar ta ci abinci, ko shi ya ji kiɗa.

Duk da haka ba ka isa ka kushe ta a gabansa ba. Yana saka ta a aljihun gaban riga, ya bar kanta a waje don a gani. In an tambaye shi ya wayar, sai ya ce, "Ba ta kowa ba ce. Ta masu kunne ce."

Mutum ɗaya ne bai taɓa tambayarsa ba: Don Nepomuceno Ureña, wanda kowa ke kira Puro. Shi ne mai kaɗa akodiyan a ƙungiyar kiɗansu ta da, shi ne kuma uban baftismar Yudelka, wato compadre ɗin kawuna. Shekara goma sha tara ba sa magana da juna, a kan wata waƙa mai suna "Akuyar Chencha" da suka ɗauka a wani gidan rediyo a Santiago tun suna da gashi a ka. Kowannensu ya rantse shi ya ƙirƙire ta. Gabar ba ta hana su zama tebur ɗaya a ƙofar shagona ba, sai dai ni ce layin da ke tsakaninsu.

"Basilia, ce wa wancan mutumin shi zai ajiye."

"Basilia, ce masa ina da ido."

Ni na jawo abin da ya faru, ba zan ɓoye ba. Wata Asabar da la'asar babu ciniki, ina duba littafin wayar, sai na ga wai tana iya sauraron kowace waƙa ta faɗi sunanta da na mai ita. Muka kara ta a rediyon shago. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a gilashinta, sai ga sunan waƙar da na mawaƙin, daidai. Muka sauya tasha, ta sake faɗa daidai. Tío Fulgencio ya gyara zama kamar shi ya haife ta.

Don Puro yana kallon rufin kwano ya ce, "Basilia, tambayi mai wayar ko ta san waƙoƙin da."

"Ce masa babu wadda ba ta sani ba."

"To ce masa ya jira ni."

Ya tafi gida da sandarsa, ya dawo rungume da rikoda da wani kaset da rubutunsa ya koɗe. Kafin ya dawo labari ya zaga layin. Masu naɗa sigari da suka taso daga aiki sun tsaya, 'yan acaɓa sun kashe babura, Doña Casilda ta fito da abin naɗe gashi a kanta. Kowa ya san abin da za a yanke. Ni na riƙe wayar, don kada hannun kawuna ya ɓata shari'a.

Kaset ya yi shuu, sannan akodiyan ɗin Don Puro ya shigo, gwirar kawuna na biye da shi. Tsofaffin biyu suka miƙe ƙirji, ba wanda ya kalli wani. Da'irar ta juya, ta juya, ta tsaya.

"Karanta," in ji kawuna.

Na karanta a zuciyata tukuna. Na so in ce batir ya mutu.

"Karanta mana, 'yata," in ji Don Puro.

"Ta ce sunan waƙar 'Chencha Mami'. Mai ita Wilkin Caramelo. Miami, 2005."

Har da hotonsa: wani saurayi ba riga, da farin tabarau, a kan jirgin ruwa. A ƙasa wayar ta tambaya cikin ladabi ko muna son ɗanɗanon daƙiƙa talatin. Wani ɗan acaɓa ya ce a danna, na danna. Waƙarsu ce, babu ko tantama, an dai ƙara mata gudu. Babu akodiyan, babu gwira, inji ne ke yin komai. Akuyar ma ta zama budurwa mai gajeren siket.

Kawuna ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya juya gaba ɗaya ya dubi Don Puro ido cikin ido.

"Compadre, ka ji abin da suka yi wa shigarka ta biyu?"

"Na ji, compadre. Kai ka ji abin da suka sa a madadin gwirarka? Kamar ana soya ƙwai."

"Ɗan banza."

"Ko riga ba shi da ita."

Doña Casilda ta yi alamar gicciye. Ni kuwa na tsaya da waya a hannu, an sallame ni daga aikin shekara goma sha tara ba ko sanarwa.

Ranar Litinin muka hau bas zuwa Santiago, su biyu cikin fararen riguna masu guga, Don Puro da akodiyan a cinya, kawuna da gwira a leda. A shagon kamfanin wayar muka sami wata mata mai suna Yokasta a bayan kanta, mai fara'a irin wadda ake koyarwa.

"Señores, me ya sami wayar?"

"Ƙarya take yi," in ji kawuna.

"Ba ta kama sabis?"

"Tana kama komai. Ƙarya dai take yi. A buɗe ta a gyara sunan."

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce sunayen ba a cikin wayar suke ba, suna can wani wuri a ƙasar waje, wayar tambaya kawai take yi a ba ta amsa.

Don Puro ya ce, "To mu faɗa mata da kanmu, ta kai musu."

Kafin Yokasta ta ce wani abu ya saɓa akodiyan. Rabon da su yi kiɗa tare tun ina da ƙaramin ciki na ɗana na biyu. Na ji tsoron hannun kawuna, amma da ya ɗora ƙarfen a kan gwirar rawar hannun ta shige cikin kiɗan, ba ka iya raba su. Masu layin biyan kuɗin waya suka juyo. Mai gadi ya jingina kulkinsa ya ja wata mata mai jaka suka shiga rawa. Ni ina tsaye a gabansu da waya a ɗage, hawaye na zubo mini, ina jin haushin kaina. Da suka tsaya aka yi tafi har daga bakin titi.

Na duba gilashin. An rubuta: "Ba a gane ba. Hayaniya ta yi yawa. Matsa kusa da kiɗan."

Yokasta ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu kanta ta rubuta mana adireshin kamfanin a bayan wata takarda, ta ce mu aika da ƙorafi a rubuce.

Washegari da safe, kafin masu sayen burodi su yi yawa, muka zauna rubuta wasiƙar a kan kantata. An yi rabin awa a kan sunan wa zai zo farko, har na ce ni zan sa hannu a madadinsu. Muka rubuta shekarar da aka ɗauki waƙar, da sunan gidan rediyon, da na mai gangar da ya rasu. Sannan na ɗaga biro.

"Saura abu ɗaya. Dole a faɗi wanda ya ƙirƙire ta. Wa zan rubuta?"

Don Puro ya shiga gyara madaurin agogonsa. Kawuna ya kurɓi kofi, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Compadre," ya ce a hankali, "ka tuna gidan da ke bayan rumbun taba a Canca? Mai bishiyar mangwaro?"

"Na tuna."

"Kullum da yamma matar nan takan tsaya a bakin shinge tana kiran akuyarta."

"Da wannan muryar tata kamar ƙofar da ba mai."

"Amma karin nata ne."

"Nata ne," in ji Don Puro. "Har amshin."

Na ajiye biron. "Tío, kuna nufin Chencha ce ta yi waƙar?"

"Mu muka sa mata akodiyan."

"Da gwira," in ji kawuna.

"Kun taɓa faɗa mata?"

"Ta ji ta a rediyo," in ji Don Puro. "Ta aiko mana da cuku."

"To in rubuta sunanta?"

Suka amsa tare, da ƙarfi, har wata mai sayen gishiri ta tsorata: "Kar ki rubuta wannan!"

Na rubuta "mu biyu", suka karanta, kowanne ya gyaɗa kai.

Amsa ta zo bayan wata biyu, a ambulan mai kauri, da sunana a kai. Kamfanin ya gode wa Señora Basilia bisa ƙaunar da take yi wa kiɗa, ya ce ra'ayina na da muhimmanci a gare su ƙwarai. Babu maganar akuya, babu maganar Santiago. A ƙarshe suka ce saboda sun lura ina sha'awar waƙar "Chencha Mami", sun ba ni kyautarta a matsayin sautin kira, ga lambar da zan tura in karɓa.

Na karanta musu a teburin domino. Don Puro ya nemi takardar, ya shafa ta tsakanin yatsu, ya ce aƙalla takarda ce mai kyau. Kawuna ya jujjuya ƙwayar domino, sannan ya zaro wayar daga aljihu ya miƙo mini.

"Kyauta suka ce?"

"Kyauta, Tío."

"To karɓo. Ki sa mini ita a kan lambar wannan mutumin, in ya kira in san ɓarawo ne."

Don Puro ya buga ƙwayarsa a tebur, ya ce shi ba shi da waya, kuma bayan abin da ya gani ba ya shirin saye.