Ƙarar da Anjitha ta Mayar wa Jirginta

Shekara uku Anjitha ta yi tana yaƙi da ƙarar inji. Ita ta zana sabon jirgin fiton da zai riƙa ƙetare tafkin Vembanad a kudancin Indiya, mai gindi biyu, rufinsa duk allunan hasken rana, babu hayaƙi, babu warin mai. Ranar gwaji ya sulale a kan ruwa shiru, manyan kamfani suna ta tafi wai har kukan tsuntsaye suna ji. Dama wanda bai taɓa nutso ba, shiru abin yabo ne a wurinsa.

Ran Lahadi ta tafi gida, garinsu Muhamma, da hotuna cike da waya. Mahaifinta Thankappan, wanda ya shekara arba'in yana nutso yana kwaso ƙumba, dangin dodon-koɗi, daga gindin tafkin yana sayarwa, yana zaune a baranda ya yafa tawul cikin wannan uban zafi. Ya duba hotunan ya ce ya yi kyau, ya sake cewa ya yi kyau. Da ya miƙa hannu zai ɗauki shayi sai tawul ya zame. Rauni ne tun daga kafaɗa har tsakiyar baya, ya kumbura ya yi baƙi.

"Acca, mene ne wannan?" ta ce. Haka suke kiran uba a yarensu.

"Kwakwa ce ta faɗo mini."

"Kwakwa mai tsawon kamu biyu?" in ji mahaifiyarta daga madafa, tana feraye rogo. "Ka faɗa mata ko ni in faɗa. Ka tsufa, ko ƙaryar ma ba ka iya ba."

Ashe masu nutso da kunne suke tsare rayukansu. Tsohon jirgi mai inji, tun yana nesa suke jin ruguginsa a ƙarƙashin ruwa, sai su riƙe gorar da suka kafa su jira ya wuce. Ranar gwajin, Thankappan bai ji komai ba, ya taso daidai gindin jirgin 'yarsa, ya buge shi. Sannan ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su yi shiru, kada a ce jirgin 'yar Thankappan yana da aibu.

Kunya da tsoro suka rufe Anjitha. Ta auna iska, ta auna igiyar ruwa, ta auna nauyin batir, amma ta manta da kunnen mutumin da ƙumbarsa ta kai ta makaranta.

Washegari ta tsaya gaban shugabanta, Kuriakose, ta ce a sa wa jirgin ƙara.

"Mun gama tallata shiru, yanzu ki ce mu sa ƙara?" ya ce. "Saura kwana goma a ƙaddamar."

"A ƙarƙashin ruwa kawai, yallaɓai. Fasinja ba zai ji ba. In ba za a sa ba, a cire sunana daga zanen."

Ya hura hanci, ya yi mita, amma mutum ne mai 'ya'ya. Cikin mako aka ɗaura wani ɗan ƙarfe a gindin jirgin, mai bugawa a kai a kai muddin ana tafiya.

Thankappan ya rantse ba wanda zai gwada sai shi. Ya kafa gorarsa a tsakiyar hanya, ya ja numfashi ya nutse, raunin ko warkewa bai gama yi ba. Anjitha na tsaye kusa da matuƙi, ta ƙanƙame ƙarfen jirgi, idonta a kan gorar. Suka matso, suka gifta, ruwa shiru. Sai da suka wuce sosai farin kansa ya ɓullo a baya.

Aka juyo da jirgi. Yana riƙe da gefen kwalekwalensa yana haki.

"Na ji ki," ya ce. "Ƙarar dai muni gare ta, kamar uwarki na dukan tukunya."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "To in rage, Acca?"

Ya dubi matuƙin, ya yafito ta ta sunkuyo.

"Ki ƙara, 'yata. Kunnen hagun ya shekara biyu da mutuwa. Kada ki gaya wa uwarki."