Muryar Ɗanta a Kan Dandamali

A titin da gidajen shaƙatawa suka jeru a babban birni, tsakanin silima da ɗakin wasan sunuka, akwai wani gidan barkwanci a saman bene. A nan matar take aiki. Duk yammacin Asabar takan hau dandamali ta kwaikwayi mutane: direban tasi, likita mai saurin magana, da mijinta idan yana neman tabarau alhali yana manne a goshinsa. Na mijin mutane suka fi so. Da ya rasu, sai ta daina yin sa.

Tun bayan rasuwarsa, uwar mijin ta dawo zama da ita, kuma matar ba ta taɓa yi wa tsohuwar zancen aikin ba. Wata Asabar ta fito wanka ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, har ta sa takalmi.

"Inna, ina zuwa?"

"Inda za ki. Na gaji da hira da bango."

Da ƙyar suka hau benen, tsohuwar na hutawa a hanya. Mai tsaron ƙofa ya kawo mata kujera mai majingini ya ajiye a gaba. Ta zauna da jaka a cinya. Ana ta dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Da aka je hutu, matar ta sauko ta tsuguna kusa da ita.

"Kin gaji ko? In kira tasi?"

"Maƙwabciya ta ce kina yin muryarsa. Ban ji ba."

"Na bar wannan, Inna."

Tsohuwar ta ce, "Fuskarsa ba ta ɓace min ba, akwai hoto. Muryar ce take neman guje min."

Matar ta koma dandamali. Ta daɗe riƙe da makirfo, har mai fitilu ya leƙo ya ga ko lafiya. Sannan ta tura tabarau goshi, ta fara laluben aljihu, ta kumbura murya: "Gidan nan dai ba a ajiye abu a same shi." Ɗaki ya ɗauka da dariya. Ta dubi kujerar gaba, ta ga tsohuwar ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba.

A cikin tasi, suna wuce fitilun silima, tsohuwar ta ce, "Kin kamo shi, 'yata. Abu ɗaya kika manta. Sai ya yi gyaran murya kafin ya ɗora wa mutum laifi. Ubansa ma haka yake."

"Yaya yake yi?"

Tsohuwar ta gwada. Bai yi kama ba ko kaɗan, har direba ya dubi madubi. Suka yi ta gwadawa, wannan ta yi, wannan ta gyara, har suka wuce layinsu sai da aka juyo da motar.